Tankin da Ya Ƙi Lafawa

Tankin ruwan garinmu yana tsaye ne kan dogayen ƙafafun ƙarfe huɗu, jikin katangar gidan Bappa, ƙanin mahaifina. Garin namu ƙauye ne a ƙasar Shagari, sai ka wuce Kajiji ka saki kwalta kafin ka hango shi. Wani mai hali ne ya sa aka haƙa mana rijiyar burtsatse, aka haɗa mata sola, aka ɗora tanki a sama, aka ja bututu zuwa unguwanni. Ɗan kwangilar da ya yi aikin ya kwashe kayansa ya yi gaba, bai bar zanen gini ba, lambar wayarsa ma ta daina shiga. Mun sha ruwa rani guda cur, har mata suka fara mance hanyar rijiyar fadama.

Hadarin farko na daminar da ta biyo baya ne ya tona asiri. Iska ta taso da la'asar, tanki na cike, sai ƙafafun suka kama rangaji. Bappa yana tsakar gida, iyalinsa na ɗakunan da ke daidai ƙarƙashin abin. Da na zo gida ya ba ni labari, muryarsa ba ta gama dawowa daidai ba.

"Wallahi da idona nig gane shi," in ji shi, "shina rawa awa reshen dogonyaro. Iska ta ɗauke, shi bai tsaya ba."

Mai gari ya sa aka zubar da ruwan a ranar. Aka haɗa famfo ɗaya kai tsaye da injin rijiyar, amma wannan sai rana ta take yake kawo ruwa, shi ma siriri, ko unguwa guda ba ya isa. Sauke tankin kuwa aikin babbar mota ce mai ƙugiya, irin wadda ba ta taɓa bin hanyarmu ba. Don haka tambaya ɗaya ce ta rage wa gari: a sake cika shi, ko zai faɗo wa gidan Bappa?

Ni a lokacin ina koyar da zanen fasaha a wata sakandare a Bodinga. Aikin injiniyan gini na karanta a jami'a, amma ko kwalbati ban taɓa ginawa ba. Alli da allo ne suka same ni. Mutanen garinmu ba ruwansu da wannan. Tun ranar da na gama karatu sunana ya ɓace, na zama Injiniya, har a bakin Inna, mahaifiyata, wadda take faɗinsa da ɗan murmushin tsokana.

Aka taru a zauren Mai gari. Mai waldar garin ya ce a ba shi ƙarfe ya ƙara wa ƙafafun, ko Allah zai sa su tsaya. Bai ce ya tabbata ba, shawara ce kawai. Ni kuma na san ƙara ƙarfe da ka yana iya mayar da nauyi inda ba a so, ya tumɓuke gindin. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, a dakata tukuna. Akwai hanyar gwada irin wanga abu cikin kwamhuta, a ga iyakar ƙarhinai kahin a taɓa shi."

Mai gari ya dubi dattawa, ya ce, "Tau, kun ji. Magana ta koma hannun Injiniya."

Wanda ba ɗan garinmu ba zai ɗauka magana ce ta fatar baki. A wurinmu idan aka danƙa wa mutum magana a zauren Mai gari, ba wanda zai ƙara sa mata hannu sai shi da kansa ya dawo da ita zauren. Ko gobara ce, sai a tsaya a jira mai magana. Mai walda ya naɗe tabarmar shawararsa, Bappa ya yi mini addu'a, ni kuma na ce kafin kaka, in Allah ya so, an ji amsa. Damina ce, tabkuna sun cika, ba wanda ya matsu.

Na hau tankin da tef na auna komai, kaurin ƙarfe, tsawon ƙafa, girman noti, na koma Bodinga da takardu cike da lambobi. Manhajar da nake da ita irin ta kyauta ce, ba ta da maɓallan da za ka danna ka ga gini ya fito. Rubuta mata umarni ake yi layi bayan layi: ga wuri kaza, ga ƙarfe daga nan zuwa can, ga nauyin ruwa, ga yadda iska za ta buga. Idan ka gama sai ka ce ta tafi, ita kuma ta lissafa yadda ginin zai motsa, ta zana maka. A ɗakin malamai nake zama bayan an tashi, don nan ne kaɗai ake samun caji.

Makonnin farko jan rubutu kawai nake gani. Manhajar nan ba ta da kara ko kaɗan. Ka bar gurbi ɗaya inda bai dace ba, ta tsaya cak ta ce layi kaza ya lalace, ka je layin ka tarar lafiyarsa lau, ɓarnar tana can sama. Na kwafo misalai daga wani dandalin injiniyoyi a intanet, ashe an rubuta su ne don tsohuwar manhajar, sabuwar ba ta ma san kalmomin ba. Sabis kuma sai na fita bakin titin da ya nufi Sifawa nake samunsa, ina ɗaga waya sama kamar mai tallar ta.

Ranar da ta fara tafiya ba tare da jan rubutu ba, na yi hamdala da ƙarfi har maigadi ya leƙo. Sai na duba sakamako. A lissafinta, iska ta ture kan tankinmu tafiyar da ta kai daga Bodinga zuwa Dingyadi. Ashe na rubuta tsawo da mita, kauri da milimita, ita kuma ba ta tambaya, abin da ka ba ta shi take ci. Na yi dariya ni kaɗai, don a lokacin ina da sauran dariya.

Da na gyara wannan, sai ainihin ciwon ya bayyana. Tankin da ke cikin kwamfutar ya kama rangaji ya ƙi tsayawa.

Kowa ya san idan ka ture gugan da ke rataye, zai yi ta lilo yana ragewa har ya tsaya. Igiya tana gogar itace, iska tana tare shi, ƙarfin yana ƙarewa a hankali. Gini ma haka ne: mahaɗan ƙarfe suna goguwa, ƙasa tana shanye wani abu, har motsin ya lafa. Wannan shanyewar ita injiniyoyi ke kira damfin. A duniyar Allah kyauta take zuwa. A cikin kwamfuta kuwa babu abin da ke lafawa sai ka rubuta masa ya lafa, ka kuma faɗi da wane gwargwado. Kuma amsar da gari ke jira a nan take, domin iskar hadari ba sau ɗaya take bugu ba. Idan bugu na biyu ya tarar da motsin na farko bai mutu ba, sai su haɗu, na uku ya ƙara, har ƙarfe ya gaji.

Na rubuta umarnin damfin. Na ce ta tafi. Zanen ya fito layi ne mai hawa da sauka, kai ɗaya, kamar haƙoran zarto, daga farko har ƙarshe. Na ƙara lambar, haka. Na mayar da umarnin sama, na dawo da shi ƙasa, na goge na sake rubutawa harafi bayan harafi. Ba jan rubutu, ba gargaɗi, ba komai. Ta karɓi umarnina da ladabi ta yi watsi da shi. Da ma zagina ta yi, da na san inda zan kama.

Gero ya nuna, aka yanke, aka ɗaure dammuna. Duk ƙarshen mako nakan hau kabu-kabu daga Kajiji in shiga gida, kuma tun daga bakin gari ake tare ni. "Injiniya, an zo lahiya? Kwamhuta ta yi magana?" Sai in ce ana kan aiki. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Tabkuna suka ja baya suka zama laka. Mata suka koma hanyar fadama da jarkoki, tafiya mai nisa, ga hawa a dawowa. Inna ta tsufa, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, matan maƙwabta ne ke rage mata a nasu. Na ji labarin abin da take gaya musu: su ƙara haƙuri, ɗanta ba ya aikin gaggawa, in ya ce a cika to an cika ke nan har abada.

Akwai wani yammaci da na ɗauka na gama. Na sauya salon umarnin, na sa biyar a gurbin gwargwadon, sai tankin ya tsaya ƙyam. Iska ta buge shi, ya ɗan karkata a hankali ya dawo, ko rangaji ɗaya babu. Na rufe kwamfuta, na fara shirya kalaman da zan faɗa a zauren Mai gari. Ina cikin alwala hankalina ya dawo jikina. Biyar cikin ɗari nake nufi, ita kuma ta ɗauka biyar ɗungurungum, wato na tsoma tankin cikin kunu mai kauri na ce ya yi rawa. Da na kai wannan amsar gida, da an cika tanki a kan ƙarya, ƴaƴan Bappa na barci a ƙarƙashi. Na zauna a kan dutsen alwala, na daɗe ban tashi ba.

Na rubuta tambaya a dandalin nan, cikin Turancin da na fi iyawa, na liƙa umarnina gaba ɗaya. Wani ya amsa da cewa in karanta littafin manhajar, kamar ban kwana a kansa ba. Wani ya tambaye ni wace girgizar ƙasa nake gwadawa. Da na ce iska ce da tankin ƙauye, bai sake waiwayata ba. Sai na tono wata tsohuwar tambaya, ta wani bawan Allah da ya faɗa ramin da na faɗa, matsalarsa tawa ce sak. Na gangara ƙasan shafin ina neman amsar. A ƙarshe ya rubuta cewa ya gano abin, ya gode wa kowa. Bai faɗi abin da ya gano ba. Ban san shi ba, ban san ƙasarsu ba, amma ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa ba, har yau kuma ban huce ba.

Albasa ta yi kai a fadama, aka fara cira, zafi ya fara leƙowa. Na daina zuwa gida kowane mako. Nakan ce jarrabawa ce ta riƙe ni, ko in ce babu abin hawa. Gaskiyar ita ce ba na iya haɗa ido da matan da ke hawowa daga fadama, wuyansu ya sanƙare, su tsaya da kaya a ka su gaishe ni da sunan Injiniya.

Abin da na gano daga ƙarshe ɗan ƙarami ne har ya ba ni kunyar faɗa. Don in kwaikwayi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafun da kuma ruwan da ke tangaɗi a cikin tanki, na yi amfani da wasu sifirin na lissafi, kwatankwacin ƙarfen nan na ƙarƙashin mota mai lotsawa ya dawo. Ashe irin waɗannan sifirin ba sa karɓar damfin sai ka ƙara wata ƴar kalma a ƙarshen layinsu. Ba a faɗa a babin damfin ba, an ɓoye shi a wani shafi can daban, cikin ƙaramin rubutu. Kusan duk motsin tankina a sifirin nan yake, shi ya sa umarnina bai taɓa shi ba. Na ƙara kalmar. Haƙoran zarton suka fara gajarta, suna raguwa, suna raguwa, har layin ya kwanta. Na kalli allon, idona ya ciko.

Murnar ba ta kai sallar magariba ba. Yanzu da manhaja ta yarda ta saurare ni, sai ta miƙo mini tambayar da na yi watanni ina kauce mata ban sani ba: nawa ne damfin tankin garinku? Littattafai sun ce ginin ƙarfe na walda a ba shi wajen biyu cikin ɗari, mai noti kuma a kai shi wajen biyar. Namu rabi walda ne, rabi noti, wasu notin ma sun yi tsatsa sun kame. Na sa biyar, tanki ya tsaya da ƙafafunsa, da ɗan sauran ƙarfi. Na sa biyu, ƙafar da ke jikin katangar Bappa ta wuce iyakarta. Na maimaita ya fi a ƙirga. Kwamfutar da gari ke jira ta yi magana, ashe bakina take jira. Duk lambar da na ba ta, ita za ta dawo mini da ita a matsayin hukunci.

Na ce to bari a tambayi tankin da kansa. Na je gida, na nemi izinin Mai gari, muka ɗaura igiya a saman ƙafafun, na manna wayata a jikin ƙarfe don ta auna motsi. Majiya ƙarfi suka ja igiya, na ba da alama suka saki. Rabin gari ya fito kallo, har da masu cewa yau za a ji. Muka ja muka saki, muka ja muka saki, kowane ja da lambar da yake bayarwa, kuma dukansu a tsakiya suke yawo, daidai inda lissafi ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Ga shi tankin babu ruwa, jan igiya kuma ba iskar hadari ba ne. In ina son lambar gaskiya sai an cika shi an jira hadari. In ana son a cika shi sai na kawo lambar gaskiya. Na gwada ƙarin ƙarfen mai walda a cikin kwamfuta, ƙafafu suka samu sauƙi, nauyin ya koma gindi, gindin da ba wanda ya san zurfinsa sai ɗan kwangilar da ya ɓace.

Bazara ta kama sosai lokacin da na koma zauren. Rijiyar fadama ta ja ƙasa, sai an jira ta taru. Na durƙusa, na yi gaisuwa, na ce, "Ranka shi daɗe, na maido magana. Na yi iyakar yina. Kwamhuta ba ta iya hwaɗin ko shi tsaya ko shi hwaɗi, ni ma ban iyawa."

Mai gari ya juya wajen mai walda, ya ce ko zai koma kan shawararsa ta farko. Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, wancan lokaci daban. Abin da Injiniya da kwamhuta sunka kasa, ni wa? In taɓa shi shi hwaɗi bisa mutane, a ce ni na?"

Ban ga laifinsa ba. Kafin in sa baki yana da ƙarfin halin gwadawa, ko daidai ko kuskure. Yanzu na ɗauke wannan, ban kuma ajiye komai a gurbinsa ba.

Sai Bappa ya matso kusa da ni. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, bar batun na'ura. Kai nika tambaya. Mutane sun wahala, kuma ana kallona awa ni na hana su ruwa. Ka ce a cika, in kwana ƙarƙashinai da iyalina, ban ko juyawa. Kai dai ka ce."

Kalma ɗaya yake nema. Na san yadda ake faɗinta, na kuma san da wuya tankin ya faɗi a daminar farko, wataƙila ma har abada. Amma na ga layin nan yana wuce iyaka a kan allo, kuma na san ɗakin da ke ƙarƙashin wannan ƙafar, na san masu kwana a ciki ɗaya bayan ɗaya. Mai gari ya jira ni iyakar jira, sannan ya ce, "Tau. Tanki shi tsaya yadda shike." Aka shafa fatiha aka watse, kowa na yi mini sannu da ƙoƙari.

Ban nufi gida kai tsaye ba, na kasa. Na bi bayan gari ina tafiya ba tare da na san inda za ni ba, har na tsinci kaina a hanyar fadama. A gindin hawan nan na hango wata tsohuwa zaune kan tushen itace, ƙaramar jarka a gabanta. Sai da na matso na gane Inna ce. Maƙwabtan da ke rage mata, nasu ma ya daina isar su, ita kuma ba ta gaya mini ba. Ta sauke jarkar ta huta, ta kasa mayar da ita.

Na sunkuya zan ɗauka, ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Labarin zaure bai iso ta ba tukuna.

"A'a, Injiniya. Aza mani dai."

Na ce, "Inna, don Allah ki bari in kai miki."

"Kai ba ka da hankali? In anka gane ka da jarka, duk gari sai a ce tanki ya mutu. Mata na da sauran sa rai bisa maganakka, kak ka kashe musu shi. Aza mani, ka wuce gaba, in iske ka gida."

Na so in gaya mata a wurin. Na dubi fuskarta, gumi na bin tsagar kumatunta, na kasa. Na ɗaga jarkar na ɗora mata a ka, na ji wuyanta ya nutse kaɗan kafin ya ɗauka. Ta gyara tsayuwa, ta kama hawan a hankali, tana dafa gwiwa. Ban wuce gaba ba, na biyo ta a baya hannuna babu komai.